Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Tarihin Hoton Tauraron Ɗan'adam da Gardamar Gurgusowar Hamada

Gabatarwa

A cikin shekarar 1973, sa'ad da fari ya kai intaha a ƙasashen da ke gaɓar Sahara, shanu suna zubewa a bakin rijiyoyi, mutane suna ƙaura daga garuruwansu, wani masanin aikin gona a Amurka, Norman MacLeod, ya ga abin mamaki a cikin hotunan Nijar da wani sabon tauraron ɗan'adam ya ɗauko. A tsakiyar fili fetal wanda ya yi fari fat, sai ga wani yanki mai kusurwa biyar, mai duhun ciyawa, iyakarsa a miƙe kamar an ja ta da rula. Da aka bincika, ashe wurin kiwo ne na gwamnati a Ekrafane, arewa da Filinge, mai faɗin eka wajen 250,000, an kewaye shi da waya, an kasa shi kashi-kashi ana kiwo bi da bi. Nan da nan hoton ya zaga duniya, aka mai da shi hujja cewa makiyaya da dabbobinsu ne suka cinye ƙasar, tun da ga inda aka hana su shiga ciyawa ta tsira.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin irin wannan hoto: yadda aka fara ɗaukarsa, da yadda aka koyi sarrafa shi da kwamfuta, da kuma yadda ya shiga cikin wata tsohuwar gardama da ta shafi rayuwar manoma da makiyaya kai tsaye, watau ko hamada tana gurgusowa kudu, kuma in tana yi, laifin wane ne.

Gardamar ta girmi tauraron

Zancen gurgusowar hamada ya riga tauraron ɗan'adam da shekaru masu yawa. A 1934 wani shehun malamin gandun daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da rani. Ya ga itatuwa ba ganye, ƙasa ta bushe, iska tana ɗibar rairayi. Da ya koma gida, a 1935, ya rubuta cewa Sahara tana tahowa, kuma noman ƙaura da ƙona daji da yawan kiwo su ne suka buɗe mata ƙofa. Ya ba da shawara a dasa shingen itatuwa mai tsawon gaske don a tare ta. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na ma'aikatan gandun daji, wanda ya bi kan iyaka daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Kwamitin ya ce bai ga alamar wata hamada mai tafiya ba, ko da yake ya ga wurare nan da can da suka lalace. Rahoton kwamitin ya shiga ɗakin ajiya, maganar Stebbing kuwa ta zauna a bakin mutane. Dokokin gandun daji masu tsanani, waɗanda suka sa aka riƙa cin tarar manomi a kan itacen da ya tsiro a gonarsa, sun sami ƙarfi daga irin wannan tunani.

Abin da ya hana a raba gardamar shi ne, ba wanda ke iya ganin ƙasar duka a lokaci guda, kuma ba wanda ke iya komawa wuri guda shekara da shekaru yana aunawa. Matafiyi yana ganin abin da ke gefen hanya ne kawai, a watan da ya wuce ta wurin.

Daga balan-balan zuwa sararin samaniya

Ɗaukar hoton ƙasa daga sama ya fara a 1858, lokacin da wani Bafaranshe mai suna Nadar ya hau balan-balan kusa da Faris da kyamararsa. Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu suka bunƙasa aikin, gama kowane ɓangare yana son ganin sansanin abokin gaba. Bayan yaƙi, a 1946, Ingila ta kafa ma'aikatar safiyo ta ƙasashen da take mulka, wadda ta zana taswirori daga hotunan jirgin sama, Faransa ma ta yi haka a nata yankin a cikin shekarun 1950. Waɗannan tsofaffin hotuna daga baya sun zama dukiya, domin su ne shaidar yadda ƙasa take kafin babban fari.

Rasha ta harba Sputnik a 1957, Amurka ta harba TIROS-1 don duba gajimare a 1960. A shekarar nan kuma taurarin leƙen asiri na shirin Corona suka fara aiko da hotuna, amma an kulle su sai a 1995. Wanda ya matsa a yi tauraro don amfanin farar hula shi ne William Pecora, shugaban hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Ranar 23 ga Yuli, 1972, aka harba ERTS-1, wanda aka sake wa suna Landsat a 1975. Yana tafe a nisan kilomita wajen 900, yana ɗaukar zirin ƙasa mai faɗin kilomita 185, yana komowa kan wuri guda bayan kwana 18. Na'urar da ta fi yin amfani a cikinsa wata injiniya ce ta ƙago ta, Virginia Norwood, alhali da farko manyan masu shirin sun fi amincewa da kyamarori irin na talabijin.

Yadda ake karanta hoton

Ya kamata a fahimta cewa abin da Landsat yake aikowa jerin lambobi ne. Na'urar Norwood tana kasa ƙasa ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo faɗinsa mita wajen 80, sa'an nan ta auna yawan hasken da ɗigon ya mayar a rukuni huɗu: kore, da ja, da rukuni biyu na wani haske da ke gaba da ja wanda idon mutum ba ya gani. Hoto guda yana da ɗigo fiye da miliyan bakwai a kowane rukuni. Ganye mai rai yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, yana kuma mayar da hasken nan na gaba da ja da ƙarfi ƙwarai. Ruwa yana shanye shi kusan duka. Busasshen rairayi kuwa yana mayar da kowane iri. A kan wannan bambanci aka gina ilmin baki ɗaya.

Kafin lambobin su zama taswira sai an bi matakai. Da farko a daidaita hoton da taswira, a nemi wurare sanannu kamar mahaɗar hanya ko gada a kafa shi a kansu, domin duniya tana juyawa tauraron yana tafiya. Sa'an nan a rage tasirin hazo da ƙurar hunturu, waɗanda suke dushe hasken. Sa'an nan a kasa ɗigogin gida-gida, wannan gona, wannan daji, wannan fadama. Daga ƙarshe, kuma shi ne matakin da aka fi yin sakaci da shi, a tashi a je wurin a gani da ido ko abin da kwamfuta ta kira daji lalle daji ne. A 1973 masu bincike a Jami'ar Texas A&M suka fito da wani lissafi mai sauƙi: a ɗebe jan haske daga na gaba da ja, a raba da jimlarsu. Amsar da ta fito ita ce ma'aunin kore, wanda Compton Tucker na hukumar NASA ya inganta a 1979.

Haɗa taswira a kan taswira

Hoto shi kaɗai ba ya faɗin dalili. Sai an ɗora shi a kan taswirar ruwan sama, da ta irin ƙasa, da ta yawan jama'a, da ta rijiyoyi, kafin a gane abin da ya jawo abin da aka gani. Wannan aiki yana da nasa tarihin dabam. Wajen 1960 wani masanin labarin ƙasa, Roger Tomlinson, haifaffen Ingila mai aiki a wani kamfanin safiyo a Ottawa, ya sami aikin neman wuraren da suka dace da dashen itatuwa a Kenya. Da ya lissafta kuɗin da za a kashe wajen ɗora taswirori a kan juna da hannu, sai ya ga abin ya fi ƙarfin mai aikin, ya fara tunanin mai da taswira lambobi don kwamfuta ta yi ɗorin. Gwamnatin Kanada ta karɓi shawarar don ƙidayar filayenta, aka fara aikin a 1963. Wannan shi ne tsarin sarrafa bayanan taswira na farko, wanda Turawa suke taƙaita sunansa da GIS.

Daga nan manhajoji suka yi ta fitowa. Jami'ar Harvard ta buɗe ɗakin bincike na zanen taswira da kwamfuta a 1965. Jack Dangermond da matarsa Laura suka kafa kamfanin Esri a 1969, wanda ya fito da ARC/INFO a farkon shekarun 1980. Injiniyoyin sojan Amurka suka fara GRASS a 1982. A 1987 Jami'ar Clark ta fito da wata manhaja mai araha wadda ƙaramar kwamfuta take iya ɗauka, aka raɗa mata suna IDRISI don tunawa da Al-Idrisi, malamin da ya gama taswirar duniya a fadar Sarki Roger na Biyu na Sisili a 1154. Da ita ɗalibai da yawa a jami'o'in Afirka suka fara koyon aikin. A 2002 aka fara QGIS, wadda ake samu kyauta.

Afirka ta Yamma ba ta zauna jira ba. An buɗe cibiyar koyar da safiyo daga sama a Ile-Ife a 1972, da cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 don lura da damina da amfanin gona. Daga 1976 zuwa 1978 Nijeriya ta zana taswirar tsirrai da amfanin ƙasa ta hanyar rada daga jirgin sama, domin gajimare yana rufe wa Landsat kudancin ƙasar yawancin shekara.

Kilomita biyar da rabi

A 1975 wani masani, Hugh Lamprey, ya yi shawagi da ƙaramin jirgi a arewacin Sudan, ya gwama iyakar hamada da ya gani da wadda ke cikin wata taswirar tsirrai ta 1958. Ya ce hamada ta matso kilomita 90 zuwa 100 a cikin shekara 17, watau wajen kilomita biyar da rabi kowace shekara. Adadin ya shiga taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan hamada da aka yi a Nairobi a 1977, ya shiga jawaban shugabanni da littattafan makaranta, har aka manta cewa a wuri guda aka auna shi, sau ɗaya. Aibin lissafin a fili yake: shekarun 1950 shekarun ruwa ne mai yawa, 1975 kuwa ƙarshen fari ne na shekara shida. An gwama ƙoshi da yunwa ne, aka ce bambancin tafiya ce mai ɗorewa.

Tauraron ɗan'adam ne ya ba da damar a sake duba maganar. Ulf Helldén na Jami'ar Lund a Suwidin ya ɗauki hotunan Landsat da tsofaffin hotunan jirgi na yankin Kurdufan, ya ɗora su a kan juna, bai ga tudun rairayi sun matso yadda aka ce ba. Ya ga fari ya yi ɓarna, ya kuma ga ƙasa ta farfaɗo da ruwa ya dawo. Sa'an nan a 1991 Tucker da abokan aikinsa biyu, Dregne da Newcomb, suka yi amfani da ma'aunin kore daga taurarin duba yanayi na NOAA, waɗanda suke ganin Afirka duka kowace rana, suka bi iyakar Sahara ta kudu shekara goma sha ɗaya. Daga 1980 zuwa 1984 ta matso kudu da kilomita 240. A damina ɗaya ta 1985 ta koma arewa da kilomita 110. Ashe iyakar tana kai da komo ne gwargwadon ruwan shekara, kamar bakin tafki. A 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa zafi da sanyin ruwan tekuna shi ne babban abin da ke juya daminar wannan yanki. Laifin da aka ɗora wa makiyayi da akuyarsa shekara da shekaru, kaso mai tsoka daga cikinsa na teku ne.

Tafkin Chadi ma ya sha irin wannan karatu. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000 a 1963, ya rabu biyu a farin 1973, ya koma ƙasa da 2,000 a cikin shekarun 1980. Jerin hotunansa ya sa aka yi ta cewa ya kusa ƙafewa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da raguwa ba, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye a ƙarƙashin ciyayi inda hoto na yau da kullum ba ya ganinsa.

Itatuwan da tauraro bai gani ba

Akwai kuma abin da tauraron da kansa ya kasa gani. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga baya a Jami'ar Bayero ta Kano, ya daɗe yana nuna cewa a kewayen Kano, inda jama'a suka fi cunkoso, manoma suna riƙe da itatuwan gonakinsu, suna kai taki, ƙasa ba ta mutu ba. Ba a ɗauki maganarsa da muhimmancin da ya kamata ba a lokacin. A Maraɗi kuma, daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturen itatuwan da aka sare suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, in aka bar toho ɗaya ko biyu aka sassabe sauran, itace zai tashi ba tare da dashe ba. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manoma, abin da ya hana su a da shi ne tsoron tara da kuma koyarwar cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙaƙaf. Da ƙarfin dokar gandun daji ya ragu, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai aikin ya bazu. A Magarya da Matamaye da Mirya, a jihar Damagaram, gawo ya cika gonaki.

Shekara wajen ashirin ana wannan aiki ba wanda ya auna girmansa. Dalilin yana cikin na'urar. Ɗigon taurarin NOAA ya fi kilomita ɗaya, na Landsat mita 30 tun 1982, kan itacen gona kuwa bai kai haka ba, saboda haka yana narkewa cikin launin ƙasar da ke kewaye da shi. Bugu da ƙari, gawo yana kaɗe ganye da damina, lokacin da aka fi auna kore, ya yi sabon ganye da rani. Sai daga 2004, da Chris Reij na ƙasar Holan da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, tare da masu bincike 'yan Nijar, suka gwama hotunan jirgi na 1975 da sababbin hotuna masu kaifi, suka kuma shiga ƙauyuka, sa'an nan aka gane. Sun ƙiyasta hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200. A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Kofanhagen da ayarinsa suka koya wa kwamfuta gane kan itace a hotuna masu ɗigon rabin mita, suka ƙidaya fiye da itatuwa biliyan 1.8 a yammacin Sahara da gaɓarta, a wuraren da tsofaffin taswirori suka rubuta babu kome.

Kuɗi da iko

Tarihin nan ba na ilmi kaɗai ba ne. A 1985 Amurka ta miƙa sayar da hotunan Landsat ga wani kamfani, farashin hoto guda ya haura dala 4,000. Jami'o'in Afirka suka kasa saye, kuma da yake ba a ɗaukar hoton inda ba mai saye, sai aka sami giɓi a tarihin Afirka ta Yamma na waɗannan shekaru, giɓin da ba za a iya cikewa ba har abada. A 2008 aka buɗe rumbun kyauta ga kowa, cikin shekara guda aka sauke hotuna fiye da miliyan ɗaya. Turai ta bi sahu da Sentinel-2 a 2015, mai ɗigon mita 10. Nijeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003 da NigeriaSat-2 a 2011. Yau ɗalibi a Sakkwato ko Damagaram, in yana da kwamfuta da intanet, yana iya ganin garinsu na shekara hamsin a jere.

Kammalawa

Kada a fahimci wannan tarihi da cewa ƙasa ba ta lalacewa. Tudun rairayi suna binne gonaki da dausayi a Yusufari da Gure, wasu irin itatuwa sun ɓace daga wuraren da aka san su, saurar da ake bari ta huta ta ƙare a wurare da dama. Abin da hotuna suka rushe shi ne zaton cewa hamada runduna ce mai tahowa sahu guda, wadda shinge guda zai tare. Duk da haka shawarar Stebbing ta sake dawowa a 2007, sa'ad da Tarayyar Afirka ta amince da Babbar Ganuwar Itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, kuma sai da dashe ya yi ta mutuwa kafin masu shirin su juya ga dabarun manoma irin na Maraɗi da Damagaram.

Saboda haka ma'aikacin da aka ajiye wa taswira mai launi a tebur, aka ce ya sa hannu a kan hana kiwo ko tayar da ƙauye ko kashe kuɗin jama'a, yana da tambayoyi huɗu da ya wajaba ya yi. A wace shekara da wane wata aka ɗauki hoton? Da wace shekara aka gwama shi, ta ruwa ko ta fari? Mene ne faɗin ɗigonsa? Wa ya je wurin ya gani, kuma ya tambayi masu gonakin? Hoton Ekrafane bai yi ƙarya ba, ciyawa tana cikin waya. Abin da bai nuna ba shi ne inda dabbobin da aka hana shiga suka koma, da rijiyoyin burtsatse da suka tara garkuna wuri guda, da burtalolin da noma ya toshe. Wannan sai wanda ya shiga birni, gama hangen Dala bai taɓa wadatar da matafiyi ba.